Wa ya taɓa kallon Airport na 1970? Ku faɗa mana inda kuka haɗu da shi

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya ina gyara ɗakin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, na ci karo da kwalin kaset-kaset na bidiyo a ƙarƙashin gado. Yawanci na wa'azi ne da na Indiya, sai guda ɗaya da ya rubuta wa "jirgi" da biro. Tun kafin in juya shi na gane shi: Airport, fim ɗin Amurka na 1970 da aka ɗauko daga littafin Arthur Hailey na 1968. Kaset ɗin ya yi funfuna, don haka na nemo fim ɗin a intanet, na zauna awa biyu da wani abu ban taɓa waya ba.

Ga wanda bai gani ba, labarin dare ɗaya ne a wani filin jirgi kusa da Chicago. Dusar ƙanƙara na zuba, wani Boeing 707 ya kafe ya tare babban titin sauka, wani kuma ya tashi zuwa Rum ɗauke da mutumin da ya ɓoye bam a jakar hannu. Burt Lancaster ne manajan filin, Dean Martin yana cikin matuƙa. Da ina yaro na ɗauka fim ɗin fashewa ne kawai. Da na sake gani, ashe bam ɗin ba ya tashi sai tafiya ta yi nisa, kuma kafin nan an sa ka san mutanen ɗaya bayan ɗaya, har da abin da kowa ya baro a gida. Ina son jin wanda ya taɓa kallonsa: a ina, da su wa, kuma me ya tsaya masa a rai?

Baba Makaniki:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa. Ɗana, ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Shekara ashirin da bakwai na yi ina aikin ƙasa a filin jirgin Kano, kuma a ɗakin hutawarmu na fara ganin wannan fim, wani abokin aiki ne ya kawo kaset. Mu ba Dean Martin muke kallo ba. Namu shi ne Joe Patroni, babban makanikin nan mai sigari a baki, wanda George Kennedy ya fito a matsayinsa. Mutumin da aka kira daga gida cikin dare, ya zo ya tarar da tayoyin jirgi sun nutse, ya sa a yi haƙa a ƙarƙashinsu a shimfiɗa katako. Ranar ɗakin ya kaure da hayaniya, kowa na cewa ai wane ne wannan, domin kowane filin jirgi yana da irinsa.

Mu ƙanƙara ba ta dame mu ba, damina ce. Wata shekara cikin watan Agusta ana jan wani jirgi da daddare, tayar hagu ta zame daga bakin kwalta ta faɗa taɓo. Da shebur muka kwana. Ka haƙa, ruwa ya cike, ka kwashe da bokiti, ka sa katako, ka ɗan ja, ya sake zama. Injiniyanmu tsoho ne, bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba, yana tsugune da tocila yana duba ƙafar jirgin kada a matsa mata ta karye. Ana kiran assalatu ya fito. Da hantsi fasinjoji suka zo suna ƙorafin an ɓata musu lokaci, mu kuwa muna bayan gini muna wanke laka daga jikinmu. Ban ga laifinsu ba, ba su sani ba ne. Amma shi ya sa fim ɗin ya shiga raina, ya nuna waɗanda ba a gani.

Sai dai gaskiya ɗaya: abin da Patroni ya yi a ƙarshe, ya hau ya buɗe wa injuna wuta har iyaka alhali an ce ya kashe ya fito, ba zan taɓa koya wa yaro shi ba. A fim ya yi kyau. A bakin aiki, sau ɗaya za ka yi ganganci irin wannan.

Akwai wani dattijo cikinmu da ya tashi ya fita da aka zo wurin saukar jirgin. Daga baya na ji dalili. Yana bakin aiki ranar 22 ga Janairu, 1973, da jirgin alhazai daga Jidda, wanda aka karkato zuwa Kano maimakon Legas, ya yi haɗari wajen sauka ya kama da wuta. Mutum 176 suka rasu. Shi ma Boeing 707 ne, irin na fim ɗin sak. Har ya bar aiki ban taɓa jin ya ba da labarin ranar ba.

Autan Mama:
Baba, Allah ya saka da alheri. Ni na gwada kallonsa bara saboda yayana yana ta yabonsa, amma gaskiya ya yi mini sanyi. Kusan awa guda ana rigimar miji da mata a waya, allo a rabe gida biyu. Kuma wani abu ya hana ni yarda da labarin: ta yaya mutum zai shiga jirgi da bam a hannu ba wanda ya buɗe jakarsa? Ga tsohuwa kuma tana shiga ba tikiti kamar motar haya. Ni ko ruwan gora ƙwace mini aka yi da zan je Abuja.

Malam na Zariya:
Auta, abin da ka gani haka duniyar take a lokacin, ba su ƙirƙira ba. Sai a watan Janairun 1973 Amurka ta wajabta binciken kowane fasinja da jakar hannunsa, bayan satar jirage ta yi yawa. Kafin nan mai rakiya ma yana iya kai ka har bakin ƙofar jirgi. Inshorar rai kuwa a cikin filin jirgin ake sayar da ita, a kanti ko a na'ura, minti kaɗan kafin tashi. Kuma an taɓa yin irin abin da mutumin fim ya yi niyya: a 1955 wani matashi ya sa bam a kayan mahaifiyarsa bayan an yanka mata inshora, jirgin ya tarwatse a jihar Colorado, mutum 44 suka mutu.

Ni a talabijin na gan shi, cikin dare, ina ɗalibi. Wanda na riƙe shi ne jami'in kwastan ɗin nan da ya lura da yadda mutumin ya ƙanƙame jakarsa, ya ce akwai wani abu, ba da na'ura ba, da idon wanda ya daɗe yana kallon matafiya. Ka sake ba shi dama, amma ka ajiye waya a wani ɗaki.

Hajiya ta Gwammaja:
Sallama gare ku. Ni wurin da kowa yake tsallakewa shi ne nawa. Akwai mutanen wata unguwa a fim ɗin da suke maƙwabtaka da filin jirgin, suna kuka da jiragen da ke tashi ta kan rufinsu, ana ɗaukarsu masu fitina da ke ƙara wa manaja ciwon kai. Da na fara kallo a gidan yayata ni ma haka na ɗauke su.

Mu mun tashi da ƙarar jirgi. In yana wucewa sai a dakata da magana, in ya wuce a ɗora daga inda aka tsaya, yara su fita suna ɗaga masa hannu. Ranar Asabar 4 ga Mayu, 2002, da rana, ina tsakar gida ina tankaɗe, na ji ƙara ba irin wadda muka saba ba, ƙasa-ƙasa, sai wani irin dum da ya girgiza kwanuka a kan kanta. Jirgin da ya tashi zuwa Legas ne ya faɗo cikin unguwa. Na fita ba mayafi, ban ma sani ba sai da wata ta yafa mini nata. Hayaƙi ya rufe sama, mata na kiran sunayen 'ya'yansu. Nawa biyu suna makarantar allo, sai bayan la'asar na sa su a ido, wani bawan Allah ya riƙe su a shagonsa. Fiye da mutum ɗari suka rasu, na cikin jirgi da na cikin gidajensu. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Na yi shekaru ba na iya kallon duk abin da jirgi yake ciki. Da jikana ya kunna wannan a kwamfuta na ce ya bari in gani. Na iya zama har ƙarshe, ina jin don ba su mayar da mutuwa abin wasa ba, kuma jirgin ya sauka. Amma da aka nuno mutanen unguwar nan sai na ce masa, ka ga waɗannan, a saurare su.

Ɗan Fagge:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya, Allah ya ba ku ladan haƙuri. Wallahi sau nawa na kalli wurin nan ban taɓa tsayawa a kansa ba.

Badamagare:
Gaisuwa daga Damagaram. Mu da Faransanci muka gan shi, muna lakwal a Yamai, a gidan wani mai bidiyo da ake biyan dala biyar a zauna kan benci. Tsohuwar nan mai shiga jirgi a ɓoye ita ta saye ɗakin gaba ɗaya. Helen Hayes ce, kuma da wannan rawar ta ci lambar yabon fina-finai ta Oscar, na biyu a rayuwarta bayan na 1932. Yadda take zaune a ofis tana bayyana dabarunta cikin ladabi, kowa ya tuna wata gwaggonsa da ba a iya kayar da ita a magana.

Ban san fim ɗin ya zauna mini a kai ba sai da na hau jirgi karon farko zan tafi Makka. Muna cikin tafiya jirgin ya shiga gargada, ya yi ƙasa kamar an sake shi, kofuna suka zube. Abin da ya fara zo mini shi ne wurin da gefen jirgin ya huje, iska na zuƙe kaya, abin shaƙar iska na saukowa daga sama. Wata hajiya tsohuwa da ke gefena ta kama hannun rigata ta ce, ɗan nan, yi salati, mai shi yana sane da mu. Ta ci gaba da jan carbinta. Minti goma abin ya lafa. Har muka sauka a Jidda ba ta saki rigar ba, ni ma ban so ta saka ba.

Maman 'Yan Biyu:
Ni zan faɗi abin da ban so ba tukuna. Matuƙin nan yana da aure, matarsa 'yar'uwar manajan ce, ga shi ya yi wa ma'aikaciyar jirgi ciki, kuma shi ne aka ba jarumta. Ba na kallonsa da yara saboda wannan. Abin da zan yaba kawai, ba a ɓoye matar ba. A ƙarshe tana tsaye tana jiran mijinta, ta ga ya bi gadon da aka ɗauko yarinyar a kai, ta gane komai ba wanda ya ce mata uffan.

Wadda ta sa ni kuka ita ce Inez, matar mai bam ɗin, Maureen Stapleton. Mace mai aikin wahala a gidan abinci, mijinta sana'a ta karye masa, hankalinsa ya taɓu, ya yanke cewa gawarsa ta fi shi amfani ga iyalinsa. Da ta gane, ta ruga filin jirgi, ta tarar ya tashi. Bayan an sauka tana bin fasinjoji tana ba su haƙuri kan laifin da ba ita ta yi ba. Na san wannan fuskar. Da kasuwa ta juya wa maigidana baya, wata uku ba ya barci, yana zama a bakin gado cikin duhu, in na tambaya ya ce ba komai. Ni ce na je na gaya wa yayansa, duk da ya hana ni, aka zaunar da shi, aka kai shi asibiti. Alhamdulillahi ya warware. In naku ya yi shiru irin wannan, don Allah kada ku ce sirrin gida ne.

Ɗalibi a Minnesota:
Ni ina zaune a inda aka ɗauki fim ɗin. Sunan filin jirgin da ke cikin labarin ƙirƙira ne, ainihin wurin na Minneapolis da Saint Paul ne, nan na fara sauka a Amurka. Kafin in zo, ƙanƙarar fim ado ce a wurina. Hunturun farko aka soke tafiyarmu, na kwana a kujera ina kallon motocin kwashe ƙanƙara ta gilashi, a jere suna bin titin jirgi, su kai ƙarshe su juyo, dare farai. Su Baba Makaniki na can ke nan. Wani abin tausayi, jirgin da aka yi amfani da shi a fim ɗin daga baya ya koma ɗaukar kaya a Brazil, ya faɗi a Sao Paulo a 1989, shi ma cikin unguwa.

An yi masa ci gaba har uku, a 1974 da 1977 da 1979, kuma Patroni yana cikin duka. Na gwada biyu, haɗarin ya fi girma, amma ban damu da ko mutum ɗaya a cikin jiragen ba.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, iyaye da 'yan'uwa. Jiya na nuna wa Umma kaset ɗin. Ta ce bayan mahaifinmu ya dawo daga aikin hajji ya saye shi, kuma yana da doka a kansa: ba a kunna shi in wani na gida yana kan hanya, ko da a mota ne. Sai matafiyi ya dawo an ci abinci, sannan ya ce a sa jirgi. Shekaru ina gidan ban taɓa lura ba.

Baba Makaniki:
Ɗana, kada ka jefar da shi, kuma kada ka tura shi cikin bidiyo da funfunar, zai ɓata kan na'urar. Ka nemi tsofaffin masu gyaran rediyo, akwai waɗanda har yanzu suke kwance kaset su goge zaren a hankali su mayar. In ma bai yi ba, ka adana takardar da rubutun Malam yake kai. In ya yi kuwa ka sanar da ni, ina da bidiyo mai aiki a gida, kuma ba wanda yake kan hanya a wajenmu wannan watan.