An ce in kawo tsarin kula da muhallin gonar kajina, ta ina zan fara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Ina da gonar kaji masu ƙwai a bayan gari, da 'yan raguna da nake turkewa saboda babbar sallah. Da na kafa ta daji ne, yanzu gidaje sun zagaye ni. Jami'an muhalli sun kawo takarda cewa lokacin sake duba izinina ya yi, in gabatar da rahoton binciken muhalli da tsarin yadda nake yi da kashin kaji, ruwan wanki da mushe. Wallahi hankalina ya tashi, ina tsoron a rufe min gona. Wanda ya sani ya taimaka.

Mai kiwo daga Zariya: Wa alaikumus salam Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Fara duba kan takardar: daga NESREA, hukumar kula da muhalli ta tarayya, take, ko daga hukumar jiharku? NESREA dai an kafa ta a 2007, kuma a ƙa'idojinta ana sabunta binciken muhalli duk shekara 3, saboda haka ba ke kaɗai aka nufa ba. Shi kuwa rahoton, ƙwararren da hukuma ta amince da shi ne ke rubutawa. Ki je ofis da ƙafarki ki nemi jerin sunayensu. Kuɗin gwamnati kuma ta banki ake biya, ki riƙe rasit.

Likitan dabbobi: Hajiya, kafin ƙwararren ya zo ki zaga gonar da kanki, don abin da ya gani shi zai rubuta. Sa hannu ki damƙi kashin da ke ƙarƙashin mazubin ruwa. In ya dunƙule ya manne a tafinki, akwai inda ke yoyo. Jiƙaƙƙen kashi ne ke kawo warin nan mai yaji a ido da ƙudajen da ke bin bango, kuma kajin ma yana taɓa musu numfashi, ƙwai ya ragu. Inda kike tara shi a yi masa daɓen siminti da rumfa, in ba haka ba damina za ta wanke shi zuwa kwatar unguwa.

Mushe shi ya fi damuna. A ƙone, ko a binne a rami mai zurfi mai murfi, aƙalla mita 30 daga kowace rijiya, har ta maƙwabta. Kada yaran gona su jefar a bayan katanga ko su sayar. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006 ba a wasa da wannan. Sannan ki ajiye littafi: kaza nawa ta mutu, ina aka kai ta, yaushe aka kwashe kashi, wane magani aka fesa. Mai duba gona ya fi yarda da tsohon littafi mai maiƙon hannu a kan sabon fayil.

Dattijo daga Kura: 'Yata, kashin nan ai kuɗi ne. Masu noman rani a Kadawa buhu-buhu suke saye don tumatir da albasa. Ki samu mai zuwa kwasa a kai a kai, ba sai ya taru ba.

'Yar uwa daga Katsina: Yaya, kada ki manta da maƙwabta. Ki je wajen mai unguwa ki gaida shi, ki ji abin da ke damun mutane. Mai shan wari da dare yana da haƙƙi a kanmu, ko da mun riga shi zuwa wurin. Ni darbejiya na jera a gefen katanga, kuma na daina kwasar kashi da yamma lokacin da mutane ke zaune a ƙofar gida.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Likita, ragunan fa? Wata biyu zuwa uku kawai suke yi a wurina.

Likitan dabbobi: A sa su a cikin rahoton, Hajiya. Ki faɗi yawansu da watannin da suke yi, ki nuna wa ƙwararren inda fitsarinsu ke gangarawa. In turken yana kusa da rijiya, ki matsar da shi tun kafin ranar dubawa.