Na yi alaimen, wai kuma sai na canza ƙafar motar gaba ɗaya. In yarda?

Baban Ummi:
Salam jama'a, dan Allah masu sanin mota ku ba ni shawara. Ina da Honda Accord 2005, wadda ake ce wa EOD, shekara uku kenan tana hannuna. Tun bayan damina na lura in na saki sitiyari tana ɗan jan dama, kuma tayar gaba ta ɓangaren direba ta cinye ta ciki har waya ta kusa leƙowa alhali wajenta kamar sabuwa. Ranar Asabar na kai ta wajen masu alaimen (saitin tayoyi) na kwamfuta a nan Kano, aka ɗora ta aka yi, na biya. Sai da na karɓi makulli sannan ogan wajen ya ja ni gefe ya ce "Alhaji ƙafar motar nan fa ta mutu", wai boljoin (gaɓar da ke riƙe taya) na ƙasa guda biyu, tayarod (ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya), bushin ɗin lowa am (robar ƙarfen ƙasa da ke riƙe taya), da shokazoba duka huɗu, ya buga lissafi a waya ya nuna min kusan N300,000 har kuɗin aiki, kuma shi zai je Ƙofar Ruwa ya sayo kayan da kansa. Ya ce in na hau hanyar Zariya da ita a haka babu ruwansa. Ni dai gaskiya ban ji wani ƙara ba sai ɗan ƙwas-ƙwas in na faɗa rami, kuma jan daman ya ragu. To gaskiya ya faɗa ko wanka yake son yi min? Ga biki muna da shi a Kaduna ƙarshen wata da iyali zan tafi.

Tsohon Direba:
Tambaya ɗaya zan maka Baban Ummi, me ya sa bai faɗa maka ba sai da ya karɓi kuɗin alaimen? In da gaske tayarod da boljoin sun yi wasa to alaimen ɗin da ya yi aikin banza ne, ba zai zauna ba, rami biyu za ka faɗa ya koma gidan jiya. Kuma in aka canza kayan dole a sake wani alaimen ɗin. Ko dai ya san ƙafar ta lalace ya ci kuɗinka, ko ƙafar lafiyarta lau yana neman na cefane. Duk wanda ka ɗauka a ciki bai yi maka daidai ba.

Bakanike daga Panteka:
Baba Direba maganarka gaskiya ce amma a yi masa uzuri kaɗan, sau da yawa yaran shago ne ke ɗora mota su yi saiti, oga bai leƙa ƙasa ba sai an gama. Ba na ce daidai ba ne, haka dai ake yi.

Alhaji ni aikina kenan, kuma abin da zan ce maka kar ka yarda da bakinsa kar ka yarda da nawa, ƙafar mota ba kamar cikin inji ba ce da sai an kwance a gani, komai a fili yake. Ka koma ko ka je wani garejin daban ka ce a ɗaga gaban da jak kana tsaye. Kama tayar da hannu biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, ka girgiza, in ka ji tana ƙwal-ƙwal tayarod ne, sai a duba na waje ne ko na ciki don ba lallai duka biyun ba. Sannan ka kama sama da ƙasa ka girgiza, in akwai wasa boljoin ne ko boris ɗin taya. Amma fa a EOD akwai wayo, shokazobar a kan lowa am take zaune, in aka ɗaga motar ta jikin bodi sifirin yana danne boljoin ɗin ƙasa ya matse shi ka ji kamar lafiya lau. A sa jak ɗin a ƙarƙashin lowa am ɗin, a zura dogon ƙarfe ƙarƙashin taya a ɗan ɗaga, nan ne asirinsa ke tonuwa. Ka duba robar da ta rufe shi ma, in ta yage giris ya fita ƙasa ta shiga to kwanansa ya ƙare ko bai fara ƙara ba.

Bushin kuma tocilan ɗin wayarka ya isa, babban nan na lowa am in ya tsage za ka ga tsagar da idonka, kuma a motar nan yana yawan tsagewa, ƙwas-ƙwas ɗin da kake ji zai iya zama shi, zai iya zama ɗan linkej ɗin sitabilaiza wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Inda ban gamsu ba shi ne shokazoba huɗu. Huɗu a rana ɗaya? Leƙa ka gani ko mai yana zubowa a jikinta har ya jiƙe ta, ɗan danshi da ƙura ta manne ba komai ba ne. Danna kowace kusurwa ta motar da ƙarfi ka saki, in ta taso ta tsaya shikenan, in ta ci gaba da lilo ta gaji. Kuma shokazoba in ta mutu cin tayar tudu da kwari yake yi, shi cin ciki irin naka ya fi kama da saiti ko wasan tayarod. In ma za a canza biyu-biyu ake yi, gaba tare baya tare.

Maman 'Yan Biyu:
Ni ban san sunayen ƙarafan nan ba amma dan girman Allah kar ka yi wasa da boljoin a Honda. Irin motar maigidana kenan, an faɗa masa ya ce sai albashi, muna fitowa daga unguwa daidai wani shataletale tayar gaba ta kwanta, motar ta durƙusa a tsakiyar titi kamar raƙumi. Allah ya taimaka a hankali muke tafiya. Har yau in na tuna da a babbar hanya ce gabana faɗuwa yake.

Ɗan Kurna:
Hhhh wai shi zai sayo kayan da kansa, nan ne ribar take ai. Ka bi shi Ƙofar Ruwa ƙafa da ƙafa ko ka sayo da kanka, kuma ka ce a ba ka tsoffin da aka cire a leda. Akwai masu wanke naka su fesa baƙin fenti su mayar. Batun Beljiyam ko sabo kuwa ni a shokazoba Beljiyam nake sa wa, amma shi ma caca ne tunda wani ya riga ya ci rabonsa a can. Kuma jan daman nan ka fara duba iskar taya, masu faci sai su dura maka 45 ko 50, bi abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, wajen 30 zuwa 32 ne. In bai daina ba a musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama, in jan ya sauya ɓangare to taya ce ba ƙafa ba.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau da safe na je wani garejin na tsaya a kai kamar yadda malam na Panteka ya ce. Boljoin ɗin hagu kam ya tafi, robarsa a yage, da aka sa ƙarfe ni kaina na ga yana motsi sai da jikina ya yi sanyi. Tayarod na waje shi ma na hagu yana wasa, bushin ɗaya ya fara tsagewa. Shokazoba kuwa ko ɗigon mai babu. Na ce a canza boljoin duka biyun da tayarod ɗin gobe, bushin in kuɗi ya isa, tayar da ta cinye ma dole in nemi wata kafin tafiya. Yanzu abin da nake tunani, alaimen na biyun in koma wajen mutumin farko in ce ya sake min kyauta tunda shi ya yi a kan ƙafa mai wasa, ko in haƙura in biya a wani wajen?

Tsohon Direba:
Koma ka gwada, ka tafi masa da tsohon boljoin ɗin a hannu. Amma kar ka ba shi makulli ka tafi masallaci, ka tsaya a kai har a sauke ta.