Idan suka tambaye ni me yasa nake son zama hafsan soja, me zan ce?

Mai_Neman_Kaki ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawarar wanda ya san harkar soja, ko yayi aikin ko yana ciki yanzu ko yana da nasa a ciki. Na gama digiri a fannin injiniyan gine-gine, na cike fom ɗin makarantar horas da hafsoshi kuma alhamdulillahi jarabawar rubutu ta wuce lafiya, saura gwajin lafiya da na ƙarfin jiki sai intabiyu. Gudu da tsalle basa bani tsoro don kullum ina motsa jiki, abinda ke hanani barci tambaya ɗaya ce da kowa yace sai anyi min ita, wai me yasa kake son zama hafsa kuma ina kake hango kanka nan da shekara 10.

Amsar da kowa yake haddacewa itace ina son in bauta wa ƙasata, kuma wallahi nima ina so ɗin, amma idan zan faɗi tsakani da Allah ba ita kaɗai bace a raina. Tun ina yaro idan naga sojoji suna fareti sai inji tsigar jikina ta tashi, sannan akwai maganar albashin da ba'a fashi da fansho da asibiti, ni ne babba a gidanmu akwai ƙanne a bayana, sannan kuma inason inyi amfani da karatuna a rundunar injiniyoyi. Mahaifiyata kuma sam bata so, duk lokacin da na tada maganar sai ta tashi ta bar wajen. To shin laifi ne in ambaci albashi a gabansu? Kuma wane irin buri ya kamata mutum ya faɗa, ince inason zama janar ko za'a ga kamar na cika buri? Nagode.

Tsohon_Samanja ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah yayi maka albarka da ka tsaya ka tambayi kanka tun kafin a tambaye ka. Ni ba hafsa bane, kurtu na shiga na ɗaura igiya ɗaya bayan ɗaya har na kai samanja nayi ritaya, amma sabbin laftanoni da yawa sun wuce ta hannuna don haka zan gaya maka abinda idona ya gani.

Sha'awar kaki da fareti ba laifi bace, kusan dukkanmu ita ta fara jawo mu, sai dai bata daɗewa. Idan aka tashe ka ƙarfe huɗu na asuba kwana da kwanaki, takalmi ya fasa maka ƙafa, kofur ɗin da bai kai ka karatu ba yana maka tsawa a gaban jama'a, kakin nan zaka ji kamar ka cire ka jefar. A lokacin ne ake gane wanda yazo da wani dalili a ƙarƙashin sha'awar.

Ranar da aka yaye ka aka maƙala maka anini a kafaɗa za'a baka filatun, mutum talatin ko kusa da haka, wasu sun haife ka, wasu sunga yaƙi tun kana firamare, kuma dukkansu zasu ƙame su sara maka. To wannan sarawar doka ce ta sa su, amma yarda da kai sai ka nema da kanka. Akwai wani laftana da nayi aiki dashi, yaro ne ƙarami shiru-shiru, duk ranar da muka dawo daga doguwar tafiyar ƙasa kafin ya kwance nasa takalmin sai yasa kowa ya cire safa, ya tsuguna da tocila yana duba ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya, wanda ƙafarsa ta ɗuri ruwa ya tura shi wajen mai magani, sannan baya karɓar abinci sai na ƙarshe a layi ya karɓa. Yana da ɗan littafi a aljihun gaba, a ciki ya rubuta wa matarsa ke da ciki, wa albashinsa ya maƙale, wa bai samu hutu ba tun bara. Ranar da abu ya ɓaci mana a daji da yace a tashi babu wanda ya waiwaya, kowa ya tashi. Na kuma ga wanda ya fishi ƙarfi da iya magana amma sojojinsa jan ƙafa sukeyi don sun san kansa kawai ya sani.

Kuma akwai ranar da babu wanda yake baka labarinta lokacin cike fom, ranar da zaka tattara kayan sojanka da ya rasu ka lissafa su a takarda, agogo, waya, ɗan kuɗin aljihu, ka tsaya gaban matarsa ko tsohonsa. Kai ka bada odar da ta kaishi wajen. Idan ka zauna kayi tunanin wannan kaji har yanzu kana so, to kana da amsar da zaka basu, ba sai wani ya rubuta maka ba.

Bature_Sigina ya rubuta:

Baba Samanja ranka ya daɗe ka gama magana a ɓangaren zuciya, bari ni in ɗan taɓa ɓangaren lissafi don shima ɗan uwa yana buƙatarsa.

Na farko ka sani hanyar zama hafsa ba ɗaya bace kuma ko wacce da irin igiyar da take ɗaure mutum. Makarantar hafsoshi ta West Point a Amurka da aka kafa a 1802 shekara 4 akeyi a fito da digiri, karatun kyauta ne amma sai ka biya da shekara 5 kana aiki cikin runduna, babu zancen na gaji zan tafi. Saint-Cyr ta Faransa wadda Napoleon ya kafa itama a 1802 shekara 3 ce. Sandhurst ta Ingila bata kai shekara ɗaya ba don yawancin masu shiga sun riga sunyi digiri a waje, kuma likitoci da lauyoyi da malaman addini gajeren kwas ake musu na wasu makonni. NDA, makarantar horas da hafsoshi ta Najeriya, da aka buɗe a 1964 kwas ɗinta na dindindin shekara 5 ne ga sojan ƙasa, akwai kuma gajeren kwas na masu digiri irinka. Abinda yasa na kawo wannan, ka karanta takardar da zaka sa wa hannu da kyau, shekara nawa aka ɗaure ka, irin kwamishin ɗinka, wato naɗin hafsa da za'a maka, yana da iyakar muƙami ko babu, ana iya maida shi na dindindin daga baya ko a'a. Masu intabiyu suna gane wanda ya bincika daga wanda ya biyo yuuu.

Maganar janar kuwa ni shawarata kar ka fara da ita. Ba wai haramun bane amma tsarin soja ko ina a duniya ƙasa faɗi sama tsini ne, laftanoni da kyaftin-kyaftin birjik, manjo sun ragu, kanal sun ƙara raguwa, janar 'yan ƙalilan, kuma a rundunoni da yawa idan aka tsallake ka a ƙarin girma fiye da sau ɗaya ritaya ce ke biyo baya ko da kana ganin da sauranka. Eisenhower da ya jagoranci sojojin ƙawance a Turai lokacin yaƙin duniya na biyu, ya fito daga West Point a 1915 amma kusan shekara 16 yayi yana manjo, yana aikin ofis yana rubuta wa wasu rahoto, da janar kawai ya shigo nema da tuni ya ajiye.

Kai da kake da injiniya ai burinka a fili yake kuma mai kyau ne. Injiniyan soja shi ke shimfiɗa gada cikin dare don motoci su haye, irin gadar Bailey da Ingila ta ƙirƙiro a yaƙin duniya na biyu wadda ake haɗa ta gunduwa-gunduwa da hannu ba tare da manyan injina ba kuma har yau ana amfani da irinta idan ambaliya ta cinye gada, shi ke tono nakiyoyin da aka binne, shi ke samar da ruwan sha a sansani da gyara filin saukar jirgi. Sai kace musu nan da shekara 10 kana fatan ka riƙe filatun ka iya shi, kayi kwasa-kwasan fanninka, ka kai kyaftin ko manjo kana jagorantar kamfanin soja mai filatun da yawa a ƙarƙashinsa, ka samu zuwa aikin wanzar da zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya da ake yinsa tun 1948, daga nan ka nemi kwalejin manyan hafsoshi. Wannan buri ne da mutum zai iya taɓawa da hannu.

Maman_Khalil ta rubuta:

Ƙanina ni maganar mahaifiyarka ce ta tsaya min a rai shiyasa na kasa wucewa. Mijina hafsa ne, kuma wallahi ba shi kaɗai yake aikin ba har da mu. Fostin yana zuwa ne ba shawara, yau kuna nan gobe ance ku tattara, yara su canza makaranta a tsakiyar zango, haihuwar ɗana na biyu baya nan sai a waya yaji kukansa kuma layin ma yana yankewa. Idan yana bakin daga wayata bata barin hannuna ko wanka zan shiga, baƙuwar lamba ta kira sai gabana ya faɗi kafin in ɗauka. To mahaifiyarka wannan take hangowa, ba ƙin cigabanka takeyi ba.

Don Allah kar ka tafi tana tashi tana barin wajen. Ka samu lokacin da hankalinta yake kwance ka zauna a ƙasa kusa da ita, kar kace mata babu haɗari don tasan ƙarya ne, ka gaya mata dalilinka yadda ka rubuta mana nan har da maganar ƙannenka, idan ta kama ka haɗa da wani babba da take jin nauyinsa. Albarkarta kake buƙata fiye da duk wata amsar intabiyu. Kuma duk wadda zaka aura nan gaba ka faɗa mata gaskiyar rayuwar bariki tun kafin a ɗaura, na ga gidajen da rashin wannan ya rusa.

Dan_Gaskiya77 ya rubuta:

Ni dai zan ɗan saɓa da masu cewa a ɓoye maganar albashi, don naji ana yawan bada wannan shawarar a waje. Waɗanda zasu zauna a teburin nan suma albashi suke ɗauka suna ciyar da iyali, sun san babu wanda yake aiki don iska. Laifin shine ya zama shi kaɗai ne dalilinka, don idan kuɗi ne zalla injiniya zai iya samun fiye da haka a kamfani kuma ya kwana a gidansa kullum. Ka faɗe shi a matsayinsa, na biyu ko na uku, a taƙaice, ka wuce.

Dalilin da ni nake tsoro a zuciyar matasa ba kuɗi bane, son iko ne. Akwai wanda yake son kaki don a ji tsoronsa a hanya, ko don ya rama wulaƙancin da aka taɓa masa, ko yana ganin soja gajeriyar hanyar mulki ce. Irin wannan idan ya samu bindiga da mutum talatin a bayansa bala'i ne ga farar hula. Hafsa rantsuwa yakeyi zai bi doka da halastacciyar gwamnati, a Amurka ma da kundin tsarin mulki suke rantsuwar kare shi, kuma shi Eisenhower ɗin da aka ambata sai da ya ajiye kaki a 1952 sannan ya nemi ƙuri'ar shugabancin Amurka. Sannan yarjejeniyoyin Geneva guda 4 na 1949 sun ɗora maka nauyin fursunan yaƙi da wanda ya ji rauni da farar hula, kuma tun shari'ar Nuremberg ta 1945 zuwa 1946 da aka yi wa shugabannin Jamus bayan yaƙin duniya na biyu aka rufe ƙofar cewa ai oda aka bani. Wato wata rana zaka iya tsayawa tsakanin sojojinka da ransu ya ɓaci an kashe musu aboki da wani mutum da aka kama hannunsa a ɗaure, kuma kai ne zaka ce a'a. Ka tambayi kanka ko zaka iya, don suna iya jefo maka irin wannan a intabiyun.

Mai_Neman_Kaki ya rubuta:

Jama'a nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri, wallahi na karanta kowanne fiye da sau ɗaya. Anti Maman Khalil insha Allahu daren nan zan zauna da ita, kawuna ma yace zai zo. Ga abinda nake ganin zan faɗa, ku gyara min: inason aikin da zan ɗauki nauyin mutane in kuma yi amfani da karatuna inda ake buƙatarsa da gaggawa, ina son tsarin soja tun ina yaro, kuma aikin zai bani damar riƙe gidanmu, burina in zama hafsan injiniya da sojojinsa suka yarda dashi. Baba Samanja tambaya ɗaya ta rage, idan suka ce to idan bamu baka rundunar injiniyoyi ba muka tura ka sojan ƙafa fa?

Tsohon_Samanja ya rubuta:

Zasu iya tambaya kuma zasu iya aikatawa ɗana, runduna inda take da giɓi take cikewa ba inda kake so ba, kuma ko injiniyan ma sai ya fara koyon aikin sojan ƙafa kafin ya taɓa gada. Idan zaka karɓa kace zaka karɓa, idan kuma kasan zuciyarka bazata ɗauka ba to gara ka sani tun yanzu kafin kasa hannu. Amsarka tayi, sai dai kar ka haddace ta kamar karatun allo, ka faɗe ta da bakinka kana kallon idon mai tambayar. Kuma ka fara tafiyar ƙasa da kaya a baya cikin takalmi mai nauyi tun yanzu, gudu da kambas daban yake da wannan. Ka dawo ka bamu labarin yadda kukayi da Hajiya.