Musayar Baiti a Kan Faifan Sade na Farko

Sarkin Faifai:
Salamu alaikum. Batunmu Diamond Life ne, faifan farko na Sade. Tambaya ɗaya ce: kiɗan sol ne na gaske, irin wanda baƙaƙen fatan Amurka suka assasa, ko kuwa ado ne kawai? Babban amsa-amo "ya" ne, kowa ya rufe baitinsa da shi.

Ku matso, ma'abota alƙalami,
Ɗalibi ya zo, ya zo malami,
Yau ga batu mai neman ƙaimi,
Faifan Sade da ya zaga duniya.

An haife ta a 1959 a Ibadan,
Da shekara 4 uwa ta ɗauke ta daga nan,
Ta girma a Essex, ta tare a Landan,
Zanen tufafi ta karanta, ba horon murya.

Watan Yulin 1984 faifai ya fito,
Waƙoƙi 9, fuskarta ce a hoto,
Jaridun Landan suka cika da rahoto,
Ya hau na 2 a jadawalin Birtaniya.

Baba Mai Garmaho:
Wa alaikumus salam. Sarki, ka tsokano tsuliyar dodo.

Bari in faɗi tawa, ba na ɓoyo,
Sol a coci ya tashi, can aka koyo,
Aretha Franklin, gwanar sol, in ta ɗaga sai hawaye su tsiyayo,
Wannan raɗa ce kawai, ba ta kai zuciya.

Kiɗa ne na ɗakin cin abincin masu kuɗi,
A kunna ƙasa-ƙasa ana ta taɗi,
Ba mai tsayawa ya ji me take faɗi,
Masu sharhin Ingila sun faɗa tun can baya.

Uwar Biyu:
Baba, ina gaisuwa, amma ban yarda ba,
Ƙarfin maƙogwaro ba shi ne waƙa ba,
Kai ma da ka zarge su ba ka tsaya ka ji ba,
Ka ba ni baiti biyu in warware tambaya.

Cikin taran akwai ta matasa marasa aiki,
When Am I Going to Make a Living, ba ta biki,
Zamanin Firaminista Thatcher ne, an matse tattalin arziki,
Sama da miliyan 3 na zaman kashe wando a Birtaniya.

Shekarar ce masu haƙar kwal suka shiga yaji,
Waƙar Sally na ba da labarin masu neman agaji,
In attajiri ya kunna yana cin abinci bai ji,
Laifin kunnensa ne, Baba, ba na mawaƙiya.

Autan Zaure:
Yaya, Allah ya ja da ranki, kin gama magana. Ni tawa gajera ce, don na ga duk kun ɗora wa mutum ɗaya kayan mutum huɗu.

Kun manta maza 3 da ke bayanta,
Matthewman da saksafon yana amsa ta,
Denman da bes, Hale da fiyano na tallafa mata,
Sunan Sade na su 4 ne, ƙungiya ɗaya.

Sarkin Faifai:
Auta, ka sosa min inda ke ƙaiƙayi,
Kamfanoni sun ƙi su a gwajin da suka yi,
Wai ya cika jaz, ba shi ake yayi,
Lokacin injin ganga ne ke jan tafiya.

Furodusa Robin Millar ya kai su situdiyon Power Plant suka zauna,
Mako 6 suna naɗa, kowane sauti a auna,
Hannu ke kaɗa kayan, kunnenka zai nuna,
Kamfanin Epic ya fitar, ya ci moriya.

Baba Mai Garmaho:
Na san inda kuka dosa, lambobin yabo za ku jero min. Bari in riga ku.

Lambar Brit a 1985, na ji, na sani,
Grammy a 1986, ita ma na gani,
Amurka ta ba shi na 5, ba na musun wani,
Kasuwa daban, Sarki, daban gaskiya.

Sai waƙar ɗan Amurka Timmy Thomas da ta rufe faifan da ita,
Ta 1972, ta san inda ta ɗauko ta,
Nan na ji ɗan zafi a ƙasan muryarta,
Sauran 8 kuwa ina kan bakana na jiya.

Uwar Biyu:
Baba, ɗaya cikin 9 ai an fara,
Mai cewa raɗa ce yau shi ya saurara,
Koma kan Your Love Is King ka ƙara,
Ka ji inda ta yi shiru ta ba saksafon hanya.

Ba ta ja, ba ta lanƙwasa, ba ta ihu,
Kalma ta fito a miƙe, ba ta neman sahu,
Murya ƙasa, kamar mai zance cikin duhu,
Riƙe kuka a ƙirji ya fi sakinsa wuya.

Shida kawai ta yi zuwa 2010, ka ƙirga faifai,
Takan ɓace shekara 8 ko 10 sarai,
Mai bin kasuwa ba ya haka, ka sani dai,
Kowace shekara zai fito, ko da na ƙarya.

Autan Zaure:
Baba, baiti uku Yaya ta ajiye, kai ake jira.

Baba Mai Garmaho:
Aiko min ita, 'yata, garmahona ya tsufa,
Zan ji saksafon ɗin, amma kar a sa rai fa,
Hujjar yawan ɓacewa kuwa ba ta da ƙafa,
Rago ma na shekara 10 yana cewa zai shirya.