Mma ta ce mugun baki gare ni

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Mahaifiyata koko da ƙosai take sayarwa a Aboabo, nan Kumasi, tun kafin a haife ni. Watan jiya jiri ya ɗebe ta a bakin kasko, saura ƙiris ta faɗa cikin mai. Muka je asibiti aka auna jini, 180 bisa 110. Ta sha ƙwaya kwana tara, ta ji garau, ta ƙulle sauran a leda ta jefa cikin kwalla. Da na ce, "Mma, irin ciwon nan fa shi ke shanye ɓarin jiki," sai ta tofar da yawu ta ce, "Kai dai mugun baki gare ka, fata nagari lamiri." Gaskiya tun ina yaro haka nake, ko trotro zan shiga zuwa Kejetia sai na fara leƙa tayoyi. Amma ta fi ni barci, ta fi ni dariya. To wai kyakkyawan zato magani ne, ko ruɗin kai ne?

Malamin Allo:
Wa alaikumus salam ɗana. Mahaifiyarka ta riƙe rabin karatun. Manzon Allah (SAW) yana son kalma mai daɗi, ya kuma hana camfi da shu'umci. Amma da wani ya tambaye shi ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, ce masa ya yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Ƙwayar nan ita ce igiyar. Sai dai kai ma ka gyara lafazi. Ba a ambata wa uwa shanyewar jiki tana tsaka da suya.

Ɗalibar Legon:
Yaya, gardamar gidanku tsohuwa ce. A 1710 Leibniz, masanin falsafa na Jamus, ya ce duniyar nan ita ce mafi kyawun da za ta iya kasancewa. Imam Ghazali ma an san shi da magana mai kama da wannan, ɗaruruwan shekaru kafin shi. Sai girgizar ƙasa ta rushe Lisbon, babban birnin Portugal, a 1755, dubban mutane suka mutu, da yawa suna cikin coci. Voltaire, marubucin Faransa, ya fusata, a 1759 ya fitar da littafin Candide, inda wani malami ke ta cewa komai daidai ne alhali bala'i na bin su gari gari. Ni dai a adabi masu baƙin zato sun fi burge ni, ba su cika ƙarya ba. Kuma ba sai mun tafi Faransa ba. Alhaji Umaru, wanda ya zauna a Salaga ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya yi waƙar talauci da wadata da Hausa, bai kuwa shafa wa talauci zuma ba.

Nas daga Nima:
Ƙanena, bar su Voltaire tukuna, 180 ba wasa ba ne. Daga 140 bisa 90 ake kiransa hawan jini, kuma muguntarsa ita ce mutum yana jin lafiya lau yana cin sa a ɓoye. Ƙwayar saukar da shi take yi, ba ta raba mutum da shi, ana dainawa yake komawa. E, akwai binciken da aka buga a Amurka a 2019, mutum wajen 70,000, ya nuna masu kyakkyawan fata sun fi tsawon rai da kashi 11 zuwa 15 cikin ɗari. Amma irinsu ne kuma suka fi motsa jiki, suka fi nesa da taba. A wurin aikina wadda ke ce min "zan warke in sha Allah" tana miƙo katin inshorar lafiya na NHIS ba ta ba ni tsoro. Mai ba ni tsoro ita ce mai cewa "ai ba ni da komai". Ka daina tsorata ta. Ka ce mata so kake ta ga auren jikokinta. A rage gishiri da Maggi a miyar tuwon zafi.

Ɗan Aboabo:
Na gode Malam, na gode Anti. Da asuba na same ta tana tace gasara, na yi mata zancen auren jikoki. Ta harare ni, ta ce wane jika, ni da ko budurwa ban kawo ba. Sannan ta ce in ɗauko mata ledar, tana cikin kwalla ta biyu, ƙarƙashin zannuwan Sallah. Ta haɗiye ƙwayar da kokon farko, ta ce kofin nan sidi biyar ne, ni zan biya.