Ta ina zan fara maganar sola a sashenmu?

Malamar Ɗakin Gwaji:
Assalamu alaikum. Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a a nan Abuja. Janaretan sashenmu a bayan tagata yake, in an tayar da shi da safe sai bayan la'asar yake hutawa, hayaƙinsa har kan teburin ɗalibai. Duk sati muna ƙone durom guda na dizal. Abin da ya fi ci mini rai shi ne firjin da muke ajiye samfura. Sau biyu aikin wata ɗalibata ya lalace saboda mai ya ƙare a daren Asabar, na biyun tana kuka ta same ni. Shugaban sashe ya ce in rubuto shawara kan sa wutar sola. Me zan rubuta da ba za a ce babu kuɗi a jefa a durowa ba?

Injiniya daga Kubwa:
Wa'alaikumus salam, Malama. Fara da lissafi. Lita ɗaya ta dizal tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, wato duron nan naku mai lita 200 ya haura rabin tan duk sati. Rubuta wannan, amma ki sa kuɗin man shekara a sama, shi mai rattaba hannu zai fara dubawa. Kada ki nemi a ɗora sashen gaba ɗaya a kan sola. Ware firji, fitilu da kwamfutoci a layinsu daban, da inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida) da batir, ban da na'urar sanyaya ɗaki, domin ita ce ke cinye wuta. Ki kuma sa sunan wanda zai riƙa wanke fanel, wato faifan sola, domin ƙurar hunturu in ta kwanta a kai, ƙarfin wutar raguwa yake sosai. Na ga wurin da aka kashe miliyoyi, bokitin ruwa da tsumma suka gagara.

Tsohon Ɗalibin Bayero:
Ki kawo misalin gida. A 2019 aka ƙaddamar da tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, ƙarƙashin shirin hukumar samar da lantarki a karkara, REA, na ba jami'o'i wuta. Ki tuna musu kuma a taron sauyin yanayi na Glasgow na 2021 Najeriya ta ɗauki alkawarin daidaita hayaƙin kabon da take fitarwa da wanda ake cirewa daga iska nan da 2060. Jami'a ce ya kamata ta shige gaba.

Maman Ɗaliba:
Don Allah 'yata, ki leƙa bayan hostel ma. Masu abinci da icce da gawayi suke girki, yarinyata kullum idonta ja take dawowa.

Malamar Ɗakin Gwaji:
Na gode ƙwarai. Mama, zan sa shi a shafi na biyu in sha Allah. Injiniya, firji biyu ne da firiza ɗaya. Batir nawa zai riƙe su daga magariba zuwa hantsi?