Alƙalamina Yana Bushewa

'Yar Fagge:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Wata uku ke nan ina sakin littafi shafi-shafi a WhatsApp, kullum dare. Jiya na zauna har aka kira assalatu ban haɗa layi biyu ba. Ga kukana, wanda ya ji ya amsa mini.

Da sunan Allah na fara kuka,
Shi ne Sarkin da ba ya gajiyawa.

Salati ga Manzo ɗan Amina,
Da sahabbai masu taimakawa.

Wata uku ban yi barcin kirki ba,
Dare duk yatsa yana dannawa.

In ɗora tuwo in ɗauki waya,
Miya na tafasa ina gyarawa.

Mutum ɗari sun biya kuɗinsu,
Kowa "ci gaba" yake ta cewa.

In na makara da rabin sa'a,
Saƙo kan saƙo yana shigowa.

Jiya na zauna, kai ya yi dum,
Jarumar tawa ta ƙi motsawa.

Na bar ta a ƙofar kishiyarta,
Ta ƙi shiga, ta ƙi juyawa.

Ido na zafi, wuya ya sage,
Kalma na gani tana ɓacewa.

Shin baiwar ce Allah ya karɓe,
Ko ni ce dai nake kasawa?

In na huta a ce na ci kuɗi,
In na dage ba ni iyawa.

Iyaye ku taimaka da magani,
Alƙalamina yana bushewa.

Baba Mai Tawada:
Wa alaikumus salam 'yata. Sau biyu na karanta. Baiwarki tana nan inda kika bar ta.

'Yata share hawaye ki saurara,
Wannan ciwo yana warkewa.

Rijiyar gidanmu a can ƙauye,
Da bazara ruwanta na janyewa.

In an wuni ana zura guga,
La'asar sai laka ake ɗebowa.

Kakarmu takan rufe bakinta,
Ta ce ku bar ta, tana tarawa.

Da asuba a zo a saki guga,
Garau ruwa yake fitowa.

Ba wanda ya zuba mata ko moɗa,
Idon ruwa ne yake tsattsafowa.

Mu da muka yi makarantar allo,
Laraba da yamma ake watsewa.

Alhamis da Juma'a allo a jingine,
Ba mai cewa muna lalacewa.

Asabar mu ɗauko shi mu biya,
Hadda ta zauna ba ta zamewa.

Allah da ya sa dare sutura,
Shi ya sa barci don hutawa.

Ki duba Suratun Naba'i, aya ta 9 da ta 10, ki karanta a hankali kafin ki kwanta yau.

Ɗan Damagaram:
Baba a gafarce ni. Zan sauya amsa-amo, domin maganata ma ta sha bamban da taka.

Baba na ji batun rijiya,
Amma ni ban gamsu duka ba.

Rijiya ba ta biyan haya,
Ba ta da yaran da ba su ci ba.

Ni da rubutu nake cefane,
Ban gaji gona ko shago ba.

Ran da na ce bari in ɗan huta,
Masu karatu ba su jira ba.

Suka koma gun wani marubuci,
Har yau rabinsu ba su dawo ba.

Zomo ba ya kamuwa daga zaune,
Ba ni na ƙago zancen nan ba.

Na san wasu sun ce za su huta,
Shekara biyar ba su farka ba.

Littafinsu yana nan rabi,
Ba a ji ƙarshen labarin ba.

Ƙanwata ki daure ki ci gaba,
Gajiya ba ta taɓa kashe kowa ba.

Gwaggo Ta Zazzau:
Ɗana, akwai gaskiya a bakinka, yunwa ba ta san baiti ba. Amma ni na daɗe ina tuyar waina kafin in riƙe biro, don haka daga bakin tanda zan amsa maka.

Ɗana ni ma cefane nake nema,
Ban ce kowa ya bar sana'a ba.

Shinkafa nakan jiƙa tun hantsi,
Har azahar ban kai ta inji ba.

Da yamma a niƙo in sa yisti,
In rufe roba, ban soya ba.

In je in kwanta in bar ƙullu,
Ban tsaya ina leƙa shi ba.

Da asuba ya tashi ya cika roba,
Ya yi ƙamshin da bai yi jiya ba.

Wata ran na yi baƙi na yi gaggawa,
Na zuba a tanda bai tashi ba.

Ta fito a danƙare ba laushi,
Ko yara ba su cinye ba.

Masu saye sun gane a baki,
Washegari ba su zo layi ba.

Kana tsoron su gudu don ka huta,
Ba ka ji tsoron ɗanyen ƙullu ba?

Shafin da aka yi shi da gyangyaɗi,
Mai karatu bai kasa ganewa ba.

Suna ya sauya tsakar labari,
Mai littafin ba ta lura ba.

Hutun da nake nufi na kwana ne,
Ban ce hutun shekara biyar ba.

Jikan Marina:
Gwaggo kin gama magana, amma bari in sa tawa. A karofin Ƙofar Mata na girma, wanda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa. Yaya 'Yar Fagge, ke nake wa wannan, na koma amsa-amonki.

A zuba ruwa, a zuba toka,
Ganyen baba da katsi duk a saka,
A bar su kwanaki suna haka,
Sai kumfa ta taso sama duka,
Sannan rini yake kamawa.

Ga wani sirri, mai alƙalami,
Na gun kaka, ba na gun malami,
Zane in an ɗago daga rami,
Kore ne, yana warin tsami,
Sai a iska shuɗi ke fitowa.

Haka nan yake ga labari,
Ɗago shi, Yaya, ki shiga gari,
Ki je suna, ki leƙa Kurmi da Kwari,
Ki ji muryar mai talla da almajiri,
A bakinsu kalma take tsirowa.

Ɗan Damagaram:
Gwaggo, ɗanyen ƙullun nan ya taɓa ni. Na koma na karanta shafukan da na yi watan jiya, na ji kunya.

Na yarda ƙullu sai ya kwana,
Amma tambayata ba ta mutu ba.

Mutum ɗari sun ba ta amana,
Me za ta ce da ba ta saɓa ba?

Baba Mai Tawada:
Gaskiya za ta faɗa musu, ɗana. Ta ce jiki ya gaza, ta sa ranar dawowa, wanda ya ce kuɗinsa yake so ta mayar masa. In ta dawo kuma ta yanka wa kanta ranakun da ba ta sakin komai, kowa ya san da su tun farko. Amanar jiki ma amana ce.

Salmanu ya je gidan Abu Darda,
Ya tarar ba ya ko runtsawa.

Da rana azumi, dare salla,
Matarsa ko ado ta daina sawa.

Ya tashi salla, Salmanu ya ce kwanta,
Sai ƙarshen dare suka yi tsayuwa.

Ya ce Ubangiji na da haƙƙi,
Kanka da iyali na da kulawa.

Kowane ɗaya yana bin ka,
Ka ba shi nasa ba ragewa.

Da labari ya kai ga Manzo,
"Salmanu ya yi gaskiya," yake cewa.

In nafila ma an ce a sassauta,
Ina ga littafin karantawa?

'Yar Fagge:
Baba, Gwaggo, Yaya na Damagaram, ƙanena na karofi, Allah ya saka da alheri. Ga abin da ya faru.

Iyaye na dawo da godiya,
Kwana tara ke nan da ɓacewa.

Na gaya musu gaskiya ban ɓoye ba,
Bakwai suka ce a yi mayarwa.

Na mayar musu ban ji haushi ba,
Saura addu'a suke turowa.

Na tafi ƙauye gidan Inna,
Inda waya ba ta kamawa.

Kwana biyu barci kawai na yi,
Inna na korar masu tayarwa.

Na uku muna ɓarar gyaɗa,
Wata tsohuwa ta zo gaisawa.

Ta ɗauko zancen kishiyarta,
Ran da ta kwanta ba mai dubawa.

Sun shekara ba sa ga maciji,
Ko gaisuwa ba sa amsawa.

Ita ce ta dama mata kunu,
Ta kai mata hannu na karkarwa.

Nan na ji gabana ya faɗi,
Jarumata ce take motsawa.

Ashe ba faɗa ya kai ta ƙofar ba,
Ni ce nake ta tilastawa.

Na ari biro gun ɗan Inna,
A bayan kwali nake rubutawa.

Ta yi sallama, an ce ta shigo,
Da kwanon kunu take shigewa.

Shafi na gaba zai fita Asabar in Allah ya kai mu. Na riga na sanar da su, daga yanzu ba na saki Alhamis da Juma'a.